Jikan Mai Fito

Sati uku ke nan wasiƙar tana cikin jakar Auta, kuma sati uku ke nan ba ta iya haɗa ido da Mai Zane.

Yau ma da ta iso gidan tarihin ba ta bi ta ƙofar gaba ba. Ta zagaya ta baya, ta gefen da ke kallon tafki, ta shige sito ta turo ƙofa. Ta zauna a kan wani akwatin katako ta dafe kai.

Gidan ba wani babba ba ne, ɗaki uku ne da baranda. Na farko na kayan masunta ne, tsofaffin komaye da ƙugiyoyi da wani kwalekwale da ya tsage. Na biyu ɗakin zane-zane, inda aka rataye zanen Mai Zane goma sha biyu tun watan jiya. Na ukun shi za a buɗe yau bayan gyara, ɗakin kakanta, wanda duk garin ke kira Mai Ceto.

Shekara huɗu tana aikin zagayawa da baƙi, labarin ta haddace shi kamar sunanta. Shekara arba'in da biyar da suka wuce jirgin fito ya kife a tsakiyar tafkin, mutum tara suka rasu. Mai fiton ne ya yi lodin da ya fi ƙarfin jirgin saboda kwaɗayi. Kakanta, ɗan kwangila, yana ciki, shi ya ciro mutum huɗu da hannunsa.

Mai Zane kuwa jikan wannan mai fiton ne.

Ranar da ta gaya wa Baba shi take so, Gwaggo, yayar Baba, ita ta fara dirowa daga kan kujera.

"Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kwaso mana sai jikan wanda ya hallaka mutum tara? Ke ko kunyar hoton kakanki ba kya ji?"

Baba bai ɗaga murya ba. Tsohon hedimasta ne, bai saba maimaita magana ba.

"Ba zan yi miki dole a kan kowa ba, ke ba yarinya ba ce. Amma wannan ban yarda ba. Kada ki sake tayar mini da maganar."

Tun daga nan Injiniya, ɗan abokin Baba, ya sami ƙofa. Shi ya ɗauki nauyin gyaran ɗakin Mai Ceto, ya sa sabbin fitilu da akwatunan gilashi, kullum yana zuwa wai duba aiki, alhali kowa ya san aikin da yake dubawa.

A wajen shirya kayan ɗakin ne ta tsinci wasiƙar, a aljihun cikin tsohuwar jakar kakanta. Rubutunsa ne, ba ta shakka, irin wanda ke cikin littattafansa. Zuwa ga mai fiton ya rubuta ta, amma bai taɓa aikawa ba. Layi biyar ne kacal, yanzu ko ta rufe ido tana ganinsu.

"Sau uku ka ce mini simintin ya yi yawa, sau uku na ce ka loda ko na sa a ƙwace maka jirgin. Mutum huɗun nan kai ka ciro su. Ni kaina kai ka ciro ni. Da aka tambaye ni na ce laifinka ne. Ka yafe mini."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar siton. Shugabar gidan ce ta leƙo.

"Auta, me kike yi a nan? Baƙi sun cika, babanki ma ya iso. Fito mana."

Ta miƙe ta bi bayanta.

Barandar cike take da jama'a. Baba yana gaba da sandarsa, Gwaggo tana gefensa ta sha ado, Injiniya yana ta gaisawa da mutane kamar shi ne mai gidan. Yana hango ta ya washe baki.

"Ga jikar Mai Ceto nan! Yau dai sai mun ji labarin daga bakin mai shi."

Ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Aka yanke zare, aka tafa, jama'a suka bi ta zuwa ciki. Ta tsaya a gaban babban hoton kakanta ta juyo za ta fara, sai gabanta ya faɗi.

Can baya, jikin ƙofa, Mai Zane ne tsaye. Ya sa farar rigarsa da ba ta da ɗigon fenti ko ɗaya. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wata dattijuwa siririya tana riƙe da hannunsa.

Mahaifiyarsa ce. 'Yar mai fito.

Ya taɓa gaya mata tsohuwar ba ta taɓa taka gidan nan ba, yana ta lallashinta ta zo ta ga zanensa a rataye ko sau ɗaya. Ashe yau ta yarda.

"Bismillah, muna jin ki," in ji Shugaba.

Auta ta buɗe baki. Ta fara da shekarar, da yanayin iskar ranar, da yawan mutanen da ke jirgin. Ta yi niyyar tsallake layin da ke ɗora wa mai fito laifi, ta faɗa kan ceton kawai. Har ta kusa wucewa, sai wani baƙo mai tabarau ya ɗaga hannu.

"Malama, me ya kifar da jirgin? Iska ce?"

Ta dubi Baba. Idonsa yana ƙasa, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Ta dubi Gwaggo, ta ga ta zuba mata ido tana jira. Jakarta tana rataye a kafaɗarta, tana jin nauyinta kamar an cika ta da duwatsu.

"Lodi ne ya yi yawa," ta ce.

"Wa ya yi lodin?"

Idonta ya faɗa kan dattijuwar da ke jikin ƙofa.

"Mai fiton ne," ta ji muryarta tana faɗa. "Kwaɗayi ne ya ja shi."

Injiniya ya girgiza kai. "Ka ji fa. Mutum ɗaya ya cuci gari guda."

"Har yau ma iyalinsa ba su san kunya ba," in ji Gwaggo, ba ta ko rage murya ba.

Auta ba ta san yadda ta ƙarasa ba. Ta dai ji ana tafi, jama'a suka watsu suna kallon agogon kakanta da jakarsa da takardar yabon da aka ba shi. Ta raɓa bango za ta fice, sai ta ji an taɓa mata hannu.

Dattijuwar ce.

"Ke ce Auta?"

Ta durƙusa har ƙasa. "Ni ce, Inna. Ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Tashi, tashi. Kullum sai ya yi mini zancenki, na ce bari dai yau in ga yarinyar nan da idona." Ta yi ɗan murmushi. "Kin iya bayani. Muryarki da daɗi. Allah ya yi miki albarka."

Da tsohuwar ta wanke ta da mari da ya fi mata sauƙi. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta kasa cewa amin, ta kasa ɗagowa, har ta ji takunsu ya yi nisa.

Sai bayan azahar gidan ya yi shiru. Ta tarar da shi a ɗakin zane-zane shi kaɗai, ya raka mahaifiyarsa gida ya dawo. Yana kan ɗan tsani yana sauke wani zane daga bango. Ya riga ya jingina uku a ƙasa.

"Me kake yi?"

Bai juyo ba. "Kwashe kayana nake yi, Malama."

Rabon da ya kira ta Malama tun watan farkon haɗuwarsu.

"Ai sai ƙarshen wata aka ce."

"Na gaya wa Shugaba. Ta ce ba komai."

Ya sauko ya jingina zanen. Na wani tsoho ne zaune a cikin jirgin da aka jawo kan tudu, ya juya wa ruwa baya. Sau nawa ta tsaya gaban zanen nan da baƙi tana yaba kalarsa, ba ta taɓa tambayar wane ne tsohon ba. Yanzu ba ta bukatar tambaya.

"Don Allah ka tsaya ka ji ni."

"Na ji ki ai. Duk ɗakin ma sun ji ki." Ya goge hannunsa da tsumma. "Kada ki damu, ban riƙe ki ba. Abin da aka koya miki kika faɗa, aikinki ne. Tun ina firamare nake jin layin nan. Laifina ne da na kawo Inna yau, na ɗauka sai yamma za a yi taron."

Wannan uzurin da ya yi mata shi ya ƙarasa karya ta. Hawaye suka ɓalle mata.

"Kada ka wanke ni. Wallahi ban cancanta ba."

Ta zuge jakarta, ta ciro takardar ta miƙa masa. Ya karɓa ya matsa jikin taga. Ta ga idonsa yana bin layukan, ya kai ƙarshe, ya koma farko.

"Yaushe kika sami wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Auta. Yaushe?"

"Sati uku."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Sati uku. Ni kuwa ina ta tunanin ko wani laifi na yi miki da kike guduna. Har na ce ko fitilun Injiniya ne suka haske miki ido."

"Ba haka ba ne! Ka san ba haka ba ne!"

"To yaya ne? Tana cikin jakarki ɗazu?"

"Tana ciki."

"Tana kafaɗarki, kina kallon uwata, kika ce kwaɗayi ne ya ja shi."

Ta zame ta zauna a kan bencin baƙi ta rufe fuska.

"Tsoro na ji. Baba yana tsaye, hawan jininsa ka sani. Duk abin da muke taƙama da shi a gidanmu hoton nan ne. Na ce in bari taron ya wuce tukuna. Kullum sai in ce gobe. Na sha ɗauko ta zan kawo maka, in na zo ƙofar nan sai in kasa. Da wane ido zan dube ka? Gidanmu da ya ce ba ka isa ba, ashe mu ne..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, da tazara tsakaninsu.

"Kin ɗauka wani sabon labari kika kawo mini? Mu mun sani tun fil azal. Kakana ya faɗa, ba wanda ya saurare shi. Wa zai bar maganar ɗan kwangila ya kama ta mai fito? Daga ranar ba wanda ya sake shiga jirginsa. Shekara ashirin ya yi bai taɓa ruwan nan ba, har ya mutu. Inna tana da shekara goma aka daina wasa da ita a unguwa." Ya numfasa. "Ban taɓa gaya miki ba don kada in sa ki zaɓi tsakanina da kakanki. Na ce yarinyar nan ba ta sani ba, ba ruwanta. Da wannan nake lallashin kaina duk ranar da na ji muryarki ta bango kina faɗa wa baƙi. Yau kin ƙwace mini shi."

"Ka yafe mini."

"Shi ma haka ya rubuta. Ya ninke ya sa a jaka."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ka riƙe ta. Taku ce. Ka kai wa Shugaba, ka kai wa duk wanda ka ga dama. Ba zan musa ba."

Ya ninke takardar yadda take, ya ajiye a kan bencin tsakaninsu.

"In ni na fito da ita, cewa za a yi jikan mai fito ya ƙirƙiro don an hana shi mata. Ni mai zane ne, za a ce kwaikwayon rubutu ba zai gagare ni ba. Ba a hannuna take da amfani ba." Ya miƙe. "Kuma ba zan ce ki tona gidanku don ki same ni ba. Ba ciniki muke yi ba. Jibi zan bi jirgin safe, akwai aikin da aka daɗe ana kirana a tsallake."

"Za ka dawo?"

Ya ɗauki tsaninsa ya matsa gaban zane na gaba.

"Ban sani ba, Auta. Har yanzu ina son ki, shi ya sa abin ya yi mini ciwo haka."

Da la'asar ta isa gida. Tun daga ƙofa take jin muryar Gwaggo a falo tana ba Baba labarin taron, kamar ba tare suka je ba.

"Yauwa, ga ta nan. Yau kin fitar da mu kunya, 'yar nan. Kin ga yadda tsohuwar can ta tsure? Injiniya ya ce ranar Asabar iyayensa za su zo, sai ki..."

"Gwaggo, ina son magana da Baba."

"To yi mana, ni baƙuwa ce?"

Auta ta durƙusa a gaban kujerar mahaifinta. Ta ɗora takardar a kan gwiwarsa.

"A jakar Kaka na samu. Sati uku ke nan ina ɓoyewa."

Baba ya laluba tabaransa ya saka. Yana ganin rubutun mahaifinsa ya tsaya cak. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarsa tana karantawa, bakinta yana motsi. Ba ta kai ƙarshe ba ta dafe ƙirji.

"Ƙarya ne! Sharri ne! Yaron nan ne ya rubuta ya ba ki, ke kuma don ba ki da wayo kika kwaso! Kawo in yaga!"

Ta kai hannu. Baba ya dafe takardar da tafinsa.

"Yaya, bari."

"In bari? Uban namu ake..."

"Na ce ki bari."

Ya cire tabaran a hankali. Auta ta jira faɗa, ta jira ya ce ta fita ta ba shi wuri. Maimakon haka sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ban san ya rubuta ba," ya ce. "Amma ni ba na bukatar takarda. Ina wurin."

Gwaggo ta saki baki.

"Ke kina gidan mijinki lokacin, ba ki sani ba. Ina da shekara goma sha bakwai. Ni na loda buhunan nan da kafaɗata, ni da leburori biyu. Ina ji mutumin nan yana roƙon Baba, yana cewa a raba lodin biyu zai dawo ya ɗauki sauran. Ina tsaye a bakin ruwa jirgin ya tashi, ina tsaye ya kife." Ya dubi takardar. "Da masu bincike suka zo, Baba ya dube ni sau ɗaya. Suka tambaye ni me na gani. Na ce ban ga komai ba."

Gwaggo ta koma ta zauna daɓas kamar an zare mata laka.

"Na koyar da yara shekara talatin da biyar," in ji Baba. "Na zane ɗalibai a kan ƙarya. Jikan mai fiton ma na koyar da shi, yana zama a layin gaba, ban taɓa iya kallon fuskarsa ba." Ya juyo ga Auta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Kin ɗauka raina shi na yi da na hana ki? Ta yaya zai riƙa durƙusa mini yana kira na Baba? Ta yaya zan zauna da uwarsa a matsayin surukai? Kaina na tsare, ba ke ba. Yau kuma na tsaya ina ji 'yata tana maimaita ƙaryata a gaban matar nan, na sake yin shiru."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Tunda take ba ta taɓa jin muryar mahaifinta ta karye ba.

"Yanzu me za ka yi?" in ji Gwaggo, muryarta ta dushe. "Ka tuna fa da sunan gidan nan. Ka tuna da mutanen da za su zo Asabar. In maganar nan ta fita, ina za mu sa kanmu a garin nan?"

Baba ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Auta, kin san gidansu?"

Ta ɗago da sauri. "Na sani, Baba."

"Kada ki sa rai da komai. Ba zancen aurenki zan je yi ba, ba ni da bakin yin sa. In matar nan ta kore ni daga ƙofa, ta yi daidai."

Gwaggo ta tashi ta tare ƙofar falon da hannu biyu.

"Wallahi in ka taka gidan nan, ba ni ba kai!"

Baba ya tsaya a gabanta. Tun suna yara bai taɓa ƙetare maganarta ba sai yau. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya sa hannu ya sauke nata daga jikin ƙofar a hankali.

"Wuce gaba," ya ce wa Auta. "Ni ban san hanya ba."